Sauye-sauyen Aikin Tiyatar Mafitsara a Najeriya daga 1969 zuwa Yau: Darasi ga Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin yadda ayyukan da likitoci ke yi a kan mafitsara suka sauya a Najeriya cikin shekaru hamsin da 'yan kai, daga rahotannin asibitin koyarwa na Zariya zuwa shirin gyaran yoyon fitsari kyauta na 2024. An duba ayyuka iri huɗu: ɗinkin yoyon fitsari, aikin dajin mafitsara mai nasaba da tsargiya, cire tsakuwa, da buɗe hanya ga mazan da fitsari ya toshe wa. Madogarar nazarin ita ce rahotannin asibitoci da aka wallafa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsayar takardar ita ce, a ƙasarmu yawan tiyatar da aka yi yana auna ƙarfin asibiti da lafiyar hanyar zuwa gare shi, kafin ya auna yawan masu ciwo. Saboda haka a yankin da rashin tsaro ya raba jama'a da asibiti, raguwar adadi tana iya zama alamar ƙarin wahala. Takardar ta ba da shawarar a faɗaɗa abin da ake ƙirgawa, a kuma mayar da ƙarfi kan ƙananan ayyukan da ke hana a kai ga babbar tiyata.

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da ke tattara bayanan asibitocinsu wuri ɗaya, irin su Ingila da Amurka, masu bincike kan ɗauki shekaru goma ko ashirin su jera adadin kowane irin aikin mafitsara, su ga wanda ya hau da wanda ya sauka. A Amurka, aikin kankare furostet (ƙullun naman da ke ƙasan mafitsarar maza) ta hanyar fitsari ya ragu ƙwarai cikin shekarun 1990, bayan fitowar magungunan sha masu sassauta toshewar fitsari, ciki har da finasterayid da aka amince da shi a 1992. A Ingila, aikin tallafe wuyan mafitsara da raga ga mata masu ɗigar fitsari ya faɗi warwas bayan an dakatar da shi a watan Yuli na 2018, saboda koke-koken matan da ragar ta cutar. Fassara irin wannan sauyi ba ta da wuya a can, domin mafi yawan masu buƙatar aikin suna isa gaban likita. In adadi ya motsa, ko dai ciwon ne ya sauya, ko kuwa dabarar magance shi.

A Najeriya akwai dalili na uku, kuma ya fi sauran biyun nauyi: ko mai ciwon ya iso, ko bai iso ba. Bayananmu a warwatse suke cikin littattafan ɗakunan tiyata da maƙalun likitocin asibitocin koyarwa, kowa da abin da ya zo hannunsa. Wanda ya rasu a gida, da wadda ta haƙura da yoyo ta koma gidan iyayenta, da dattijon da ya shekara biyu yana yawo da robar fitsari, duk ba su shiga lissafi. Ƙarancin buhunan gero a kasuwar Shinkafi ba ya nuna cewa gona ba ta yi ba, sau da yawa hanya ce ta gagari masu kawowa. Haka alƙaluman tiyata suke a wannan yanki.

Manufar takardar ita ce ta jera manyan sauye-sauyen da aka tabbatar, ta bayyana musabbabin kowanne, sannan ta nuna yadda ya kamata a karanta su a arewacin Zamfara.

1.1 Farfajiyar Nazari

Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi ƙananan hukumomi ne a arewacin Zamfara, jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kogunan Gagare da Bunsuru suna ratsa ta kafin ruwansu ya haɗu da Rima, ga fadamu da tafkuna da ake noman rani da kamun kifi a cikinsu. Ƙauran Namoda ce tashar ƙarshe ta layin dogon da ya taso daga Zariya, wanda ya iso garin a 1929. Kowanne daga cikin garuruwan uku yana da babban asibitin gwamnatin jiha. Aikin ƙwararru kuwa sai an tafi Gusau, inda ake da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da asibitin Farida, ko a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babbar Ruga a Katsina.

2.0 Alƙiblar Fannin a Duniya

Aikin mafitsara yana cikin tsofaffin ayyukan tiyata. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake cire tsakuwa da yadda ake zura bututun azurfa a fitar da fitsarin da ya maƙale. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira. A 1852 James Marion Sims ya wallafa dabararsa ta ɗinke yoyon fitsari, wadda ya gwada a jikin bayi mata a Alabama ba tare da maganin kashe zafi ba, abin da har yau ake kama shi da laifinsa. A ƙarshen shekarun 1870 Max Nitze ya ƙera madubin leƙa mafitsara, sannan cikin shekarun 1930 Frederic Foley ya fito da robar fitsari mai balan-balan a baki, irin wadda ke kowane asibiti a yau.

Duk wannan tafiya ta fuskanci waje ɗaya. An tashi daga tsaga mara zuwa bi ta hanyar fitsari da madubi, daga nan kuma zuwa hana ciwon aukuwa tun farko. Da wannan ma'auni za mu auna inda muke.

3.0 Ɗinkin Yoyon Fitsari

Babu aikin mafitsara da aka fi rubuta tarihinsa a Arewa kamar wannan. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙugu, sai ya matse bangon mafitsara da na farji a jikin ƙashi. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Yawanci jaririn ba ya zuwa da rai. Uwar kuma ta tashi fitsari na bin ƙafarta dare da rana, wani lokaci har da shanyewar ƙafa.

3.1 Zangon Zariya

Binciken da Tahzib ya wallafa a 1983 ya ƙunshi mata 1,443 da aka gani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 1969 da 1980. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. A daidai wannan lokaci Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa mace-mace da munanan raunuka sun taru ne a kan matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda sai da al'amari ya ɓaci aka kawo su. In aka raba 1,443 a kan shekara goma sha biyu, za a samu kimanin mata 120 a shekara. Wannan shi ne iyakar abin da babban asibiti guda ya iya gani a wancan zamani.

3.2 Zangon Babbar Ruga

Dakta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo asibitin masu cutar kuturta na Babbar Ruga a 1983, ya fara ɗinkin yoyo a 1984. Daga nan aikin ya bazu zuwa cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da Birnin Kebbi, da Gusau, da asibitin Gambo Sawaba a Zariya, tare da horar da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. Adadin ɗinkin da ake yi a Arewa ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Wanda ya kalli wannan hauhawa bai san tarihinta ba zai ce annoba ce ta ɓarke, alhali matan suna nan tun da can, mai ɗinkin ne aka samu.

Muhimmin sauyin wannan zango yana ga dabara. A da, sai an jira wata uku bayan haihuwa kafin a taɓa ramin, domin naman ya warke. Waaldijk ya sauya wannan ƙa'ida. Da zarar mace ta fara yoyo, a sa mata robar fitsari ta zauna makonni huɗu zuwa shida, ta yi ta shan ruwa mai yawa, in ramin bai rufe ba a ɗinke shi da zarar gefensa ya yi tsabta. A rahotonsa na 2004 kan mata 1,716 masu sabon yoyo, kimanin kashi 15 cikin ɗari sun warke da roba kaɗai, ba a kai su ga wuƙa ba. Dalilin a fili yake: mafitsarar da ba ta cika tana barin gefen ramin ya haɗu ya manne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idar amfani da roba domin rigakafi da maganin sabon yoyo a 2016.

3.3 Zangon Gangami da Inshora

A 2003 asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da yaƙi da yoyon fitsari a duniya. A watan Fabrairu zuwa Maris na 2005 aka yi gangamin mako biyu a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato, inda aka yi wa mata 569 aiki, wato kusan abin da Zariya ta gani cikin shekara biyar. Daga 2007 shirin Fistula Care na hukumar USAID ya tallafa wa cibiyoyi da dama, har da ta Gusau. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta fara aikin yoyo a Jahun a 2008, aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta kafa cibiyoyin ƙasa a Abakaliki, Babbar Ruga da Ningi. An fara bikin ranar 23 ga Mayu a matsayin ranar yaƙi da wannan ciwo a 2013.

Kwanakin jinya ma sun ragu. Gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2015, kan mata 524 a ƙasashen Afirka takwas ciki har da Najeriya da Nijar, ya nuna cewa bayan ɗinki mai sauƙi barin roba kwana 7 bai gaza kwana 14 ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10. Amfanin wannan ga cibiyar da gadajenta ba su da yawa shi ne gado ɗaya zai ɗauki mata fiye da da.

Duk da haka giɓin bai rufe ba. Ƙiyasin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya shi ne mata kimanin 150,000 ke ɗauke da ciwon, ana kuma samun sababbi wajen 12,000 duk shekara. Tsarin gangami yana da rauninsa: adadi na hawa idan mai tallafi ya zo, ya sauka idan ya tafi, kamar yadda rufe hukumar USAID a 2025 ya tunatar da kowa. Saboda haka shirin gyara kyauta da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta fara a 2024, da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya yi a watan Nuwamba na shekarar, suna da muhimmanci na musamman. Sun ɗora nauyin aikin a kan kuɗin cikin gida.

3.4 Yoyon da Tiyata ke Jawowa

Akwai wani sabon salo da ya kamata mu sa wa ido. Nazarin Raassen da abokan aikinsa na 2014, kan mata 5,959 a ƙasashe 11, ya gano cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari sun samu yoyon ne daga rauni a lokacin tiyata, akasari ta haihuwa ko ta cire mahaifa. Irin wannan rami yakan kasance a sama, kusa da bakin mahaifa, ko a bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, kuma gyaransa kan buƙaci a bi ta ciki. Yawaita tiyatar haihuwa wajibi ne, amma in aka yawaita ta ba horo, ba wuta, ba mai sa ido, za a rage wani yoyo a haifar da wani.

4.0 Tsargiya da Dajin Mafitsara

Tsutsar tsargiya tana fitowa daga jikin dodon koɗin ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta girma cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai a bangonta. Alamar farko ita ce jini a ƙarshen fitsari, wanda a wasu ƙauyuka ake ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Ƙwan da suka maƙale suna haddasa miki da tabo shekara da shekaru, har fatar cikin mafitsara ta rikiɗe. A 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam.

Wannan ne ya bambanta aikinmu da na Turai. A can kusan kashi 90 cikin ɗari na dajin mafitsara nau'in yurotiliyal ne, mai alaƙa da shan taba, yana kama tsofaffi, ana kuma yawan gano shi tun yana saman bango. Sai a kankare shi da madubi, a riƙa zuba maganin BCG cikin mafitsara, dabarar da aka fara a 1976. A nan kuwa nau'in sikwamos ne ya fi yawa. Rahoton Mungadi da Malami na 2007 daga Sakkwato ya samu kusan kashi biyu cikin uku wannan nau'i ne, na Ochicha da abokan aikinsa na 2003 daga Kano ya samu fiye da rabi. Shi wannan nau'i yana kama magidanta masu sauran ƙarfi, yana cin naman bango da wuri, ba ya jin BCG, kuma bai cika jin gashi ko allurar daji ba. Maganinsa shi ne a cire mafitsarar baki ɗaya, a karkatar da fitsari zuwa jakar da ake mannawa a ciki, bisa dabarar Bricker ta 1950, ko zuwa babban hanji. Aiki ne mai tsada, mai buƙatar jini da ɗakin kulawa ta musamman. Ga kuɗin jaka har ƙarshen rayuwa, ga damuwar tsarki ga mai salla. Da yawa kuma sukan iso ne bayan ciwon ya wuce a cire. Ƙarancin wannan aiki a littattafanmu shaida ce ta makara.

Misira ta nuna cewa ana iya juya wannan hali. A Cibiyar Daji ta Ƙasa da ke Alƙahira, kason sikwamos ya sauka daga kashi 78 cikin ɗari a 1980 zuwa 27 a 2005, bayan shekaru ana yaƙi da tsargiya. Ƙwayar firazikwantal ta maganin tsargiya da aka raba a ƙauyuka ita ta sauya irin aikin da ake yi a ɗakin tiyata. Mu kuwa madatsun Bakolori na 1978 da Goronyo na 1984 sun ƙara ruwa mai kwanciya a kwarin Sakkwato da Rima. Tsakanin kamuwa da bayyanar daji akan yi shekaru ashirin ko talatin, don haka yaron da ke iyo a tafkunan Gagare bana, in ba a ba shi magani ba, yana cikin waɗanda za a gani a Sakkwato wajajen 2050.

5.0 Tsakuwa da Toshewar Fitsari

Tsakuwar mafitsara iri biyu ce. Ta yara, musamman maza, tana da alaƙa da abincin da ya dogara ga hatsi kaɗai ba madara, da yawan zawo, da ƙarancin ruwa a jiki. Ta taɓa yin yawa a gabashin Ingila a ƙarni na 18 da na 19, har asibitin Norwich ya yi suna da cire ta, sannan ta ɓace da abinci ya inganta. A watan Yuni na 2024 awon da MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna cewa yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Yanayin da ke haifar da wannan tsakuwa ke nan, kuma ya kamata duk yaron da ke kuka yana jan gabansa lokacin fitsari a yi masa hoto. Ta manya kuwa tana biyo bayan fitsarin da ba ya fita duka, ko robar da ta daɗe ba a sauya ba. A manyan asibitoci ana iya farfasa tsakuwa ta madubi, amma a asibitocin karkara tsaga mara ce hanyar da aka saba.

Toshewar fitsari ga maza tana zuwa ne daga kumburin furostet ga dattawa, ko tsukewar hanya bayan ciwon sanyi ko karayar ƙugu. Taimakon gaggawa shi ne roba ta gaba, in ta ƙi shiga a huda mara a sa ta kai tsaye cikin mafitsara. Wannan mataki na wucin gadi ne kafin babban aiki. Amma ga wanda ba shi da kuɗin aikin, na wucin gadin shi ke zama na dindindin, ya riƙa zuwa sauya roba duk wata, da wari da ƙwayoyin cuta da tsakuwa, har ƙoda ta taɓu. Cire furostet ta tsaga mafitsara yana nan da ƙarfinsa a Najeriya, ko da yake aikin madubi na ƙaruwa a asibitocin koyarwa da masu zaman kansu, kamar cibiyar mafitsara da ƙoda ta Sakkwato. Ci gaban ya tsaya ne a birane.

6.0 Karanta Alƙaluma a Arewacin Zamfara

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Tiyatar haihuwa ba ta wuce kusan kashi 3 ba a ƙasa baki ɗaya. Thaddeus da Maine sun bayyana jinkiri uku a 1994: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na farko mun san shi, kunyar haihuwar fari da jiran izinin maigida. Na biyu shi ne rashin tsaro ya ninka. Kwamitin Lancet kan tiyata ya ɗora ma'auni a 2015 cewa kowa ya iya isa inda za a yi masa tiyatar gaggawa cikin sa'a biyu. Matar da naƙuda ta tsaya mata bayan magariba a ƙauyukan Moriki, Dauran ko Badarawa sau da yawa sai ta jira wayewar gari, domin ba direban da zai yarda ya hau hanya, kuma ƙarin dare ɗaya yana iya sa naman mafitsara ya mutu. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai domin matsa wa 'yan bindiga, mai naƙuda ma ta rasa waya da abin hawa.

Daga wannan hali za a iya tsammanin karkata iri uku a alƙaluma. Na ɗaya, ayyukan da ba na gaggawa ba, irin su ɗinkin yoyo da cire furostet, za su ragu, domin iyalin da suka sayar da shanu suka biya kuɗin fansa ba su da na asibiti. Na biyu, waɗanda suka iso za su zo da ciwo mai tsanani, wanda zai rage yawan nasarar aiki ko da ƙwarewar likita ba ta ragu ba. Na uku, majinyatan yankin za su bayyana a littattafan Sakkwato, Katsina ko Maraɗi, sai nauyin ya hau kan wasu jihohi a takarda, Zamfara ta zama kamar mai sauƙi. Sai kuma rukunin da rikicin ya ƙaro, wato raunin harsashi a mara da ƙugu. Dokar ta-ɓaci da gwamnatin jihar ta ayyana a fannin lafiya a farkon 2024 dama ce ta gyara, matuƙar za a gina ta a kan ƙidayar da ta san da waɗannan karkata.

7.0 Shawarwari

Na farko, a buɗe rajistar aikin mafitsara ta bai ɗaya a asibitocin garuruwan uku da na Gusau. Bayan sunan aikin, a rubuta ƙaramar hukuma da mazaɓar majinyaci, tsawon lokacin da ya yi da ciwon, sa'o'in da ya yi a hanya, da halin da yake ciki bayan wata uku. A nemi cibiyoyin Sakkwato da Katsina su riƙa ware alƙalumansu bisa garin da majinyaci ya fito.

Na biyu, a wadata kowane ƙaramin asibiti da robar fitsari da jakarta, a horar da ungozoma da ma'aikatan lafiya na matakin farko kan ƙa'idar 2016. Wannan ne aikin mafitsara da ya kamata adadinsa ya fi kowanne hawa a karkara.

Na uku, a tabbatar ana iya tiyatar haihuwa dare da rana a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, da jini da wuta da mai allurar kashe jiki, tare da ƙwararren da ke zagayowa yana duba aikin ƙananan likitoci. A tanadi masauki kusa da asibiti ga masu cikin fari da duk wadda aka taɓa yi wa ɗinki, su tare tun kafin naƙuda.

Na huɗu, rabon firazikwantal ya wuce makarantun boko ya shiga tsangayu da Islamiyyu da matsugunan 'yan gudun hijira, ya haɗa da masunta da manoman rani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a ba kowa daga ɗan shekara biyu duk shekara a inda cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari. Duk babban da ya ga jini a fitsari kuma a tura shi hoto da madubi, kada a sallame shi da ƙwaya kawai.

Na biyar, shirin kyauta ya haɗa da kuɗin mota da abinci, a kuma farfaɗo da tsarin sufurin gaggawa da aka taɓa yi da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Sarakuna da limamai su ja hankalin magidanta su bar izini tun kafin wata ya kama, wanzamai da ungozomar gargajiya kuma a jawo su cikin masu tura majinyata asibiti.

8.0 Kammalawa

Cikin shekaru hamsin Najeriya ta koyi ɗinke yoyo da yawa, da wuri, cikin ƙarancin kwanaki, kuma akasarin wannan ilimi a asibitocin Arewa aka samar da shi. A ɓangaren daji, tsakuwa da furostet, sauyi zuwa aikin madubi ya fara amma bai fita daga manyan birane ba. Ga mutanen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, nasara za ta bayyana ne a matakai biyu: da farko adadin ayyuka ya hau, domin waɗanda suka daɗe suna jira sun samu isowa, daga baya ya sauka, domin an daina samar da sababbin majinyata. Ba za a iya bambance wannan sauka da wadda toshewar hanya ke jawowa ba sai da rajistar da ta san inda kowa ya fito da lokacin da ya ɓata kafin ya iso. Buɗe ta ba ya buƙatar gini ko na'ura mai tsada, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara tana da ikon ba da umarnin fara ta a wannan shekara.